Itacen Iyakar Goggo Merle

Goggo Merle Tuckwell ƙanwar mahaifina ce. Shekararta saba'in da huɗu, ba ta taɓa kwana bakwai a jere nesa da gonar shanunmu ta kwarin Hunter ba. Gwamnan mulkin mallaka ne ya ba kakan kakanta filin a 1829, eka ɗari shida da arba'in. Ya bi ta hannu huɗu kafin ya iso gare ta, kowa na yanka yana sayarwa, har ya rage eka ɗari biyu da goma, da shanu tamanin da uku, da tafki ɗaya da fari bai taɓa ƙafar da shi ba.

Bara kamfanin da ya sayi gonar maƙwabta ya aiko cewa tafkin a ɓangarensa yake, zai ja wayar shinge. Goggo ta daina cin abinci, sai shayi. Na ƙirga kofi tara a yini. Takardar gwamna ta ce iyaka tana kan itace mai tambari a bakin rafi. Ita kuwa ta san itacen: wani tsohon itacen turare can bayan tafki, mai dogon tabo. Mahaifinta ne ya nuna mata, ita ta nuna min. Ni na dage a kira mai safiyo, na ce yini ɗaya ya ishe mu.

Mai safiyon, Des Callow, ya yi minti shida yana shafa tabon. Goggo ta tambaye shi ko auren itacen ya zo nema. Bai yi dariya ba.

"Inna, wannan ba saran ma'aikatan gwamna ba ne. Mutanen Wonnarua, 'yan asalin ƙasar nan, ne suka ɓamɓare ɓawon suka yi akushi. Ya girmi takardarki."

Ya biyo rafi ya dawo baya, ya tsaya kan wani kututture da muke ɗaure doki, ya sassaƙe gefensa da gatari. Tambarin kibiya na gwamnati ya fito. Na auna daga nan zuwa ruwa: taku talatin da ɗaya. Na sake da manyan taku, ashirin da takwas. Tafkin dai na wancan gefe.

Goggo ta daɗe tana kallon itacen mai tabo. Ta ce ashe shekara saba'in itacen wasu take gadi. Sannan ta tambaye ni shanu nawa rijiyar gida za ta iya shayarwa. Na ce talatin, in an samu ruwa a watan Maris.

"To sarkin ƙirga, kai ka kawo mai safiyo. Shiga garke ka ware min hamsin da uku na sayarwa. Mai karyayyen ƙahon nan kada ka taɓa ta."