Takin Ciyaman

Wata tara ƙaramar hukumar da nake wa aikin malamin gona ta riƙe mana albashi, mu goma sha ɗaya, wai sabon ciyaman bai san da zamanmu ba. Muka yi karo-karo muka ɗauki lauya a Zuru. Ni damuwata ɗaya ce: 'yata ta fari ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, kuma da kuɗin nan zan biya mata.

Shari'ar ta gajiyar da ni ƙwarai. Ka hau kabu-kabu tun da safe, ka ɗumama benci har azahar, sannan a ce lauyan hukuma ba shi da lafiya, an ɗage. Ban taɓa ganin mutum mai yawan zazzaɓi irinsa ba.

Da damina ta zauna, ciyaman ya aiko cewa shari'a ai ba gaba ba ce, kowannenmu ya je ya karɓi taki buhu biyu. A wajenmu, in babba ya miƙo maka abu ba ka mayar masa da shi, kuma ba ka tsayawa kana karanta takardarsa kamar ka ɗauke shi ɓarawo. Ga ganyen dawa ya fara ja. Muka je, ma'aji ya turo takarda, muka sa hannu a tsaitsaye. Dattijon cikinmu, wani tsohon soja, har jan mu ya yi muka shiga ofis muka yi godiya.

A zama na gaba lauyan hukuma ya warke sumul. Ya ɗaga takardar nan. A samanta an rubuta cewa mun karɓi taki a madadin albashinmu, mun janye ƙara.

Lauyanmu ya juyo yana huci. “Wa yac ce ku sa hannu ba ku shaida mani ba?”

Dattijon ya ce, “Haba Barista, taki na fa. Mutum shi yi maka kyauta, ka kai ma lauya?”

Alƙali ya tambaye ni ko hannuna ne, kuma ko an tilasta ni. Na ce nawa ne, ba wanda ya tilasta ni. Kunya ta fi haushi yawa, don ni ne mai karatun cikinsu. Alƙali ya kori ƙarar.

Na iske 'yata a tsakar gida tana wanki. Ta ce, “Baba, an sake ɗagewa?”

Na ce, “A'a, an gama.”

Ta daɗe tana kallona, ba ta tambayi wanda ya ci ba. Ranar kasuwa ta bi uwarta rumfar manja, kuma can ta zauna, ba a ƙara zancen makaranta ba.