Raslan Mai Tara Hulunan Harsashi

A garinmu Alamain, a bakin hamada, duk wanda ya tono ƙarfe a rairayi, wurin Raslan yake kai shi. Makiyayi ne kamar kowa, sai dai tun yana saurayi Allah ya jarabce shi da son harsasan igwa da sojojin Ingila suka bari bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne hular tagullar da ke bakin harsashi, wadda ke tayar da shi. Yakan goge ta da toka da lemun tsami har 'yar alamar kibiya ta fito, ya jera a ɗaki. Matarsa Mabruka takan ce tana kwana da mutuwa a ƙarƙashin gado.

Wata rana ƙaninta Jadalla ya ɗauko wani harsashi a bayan jaki.

"Mijin yaya, duba min wannan. Turmin daka gahawa nake so in yi da shi."

Raslan ya ga hular, irin wadda ya daɗe yana nema. Ya ga kuma tsatsa ta cinye lambar da ke jikin harsashin, ba ya iya tantance ko yana da rai. Maimakon ya ce bai sani ba, sai ya ce, "Matacce ne. In ka kwance ka kawo min hular."

Da la'asar muka ji ƙarar. Jadalla ya rayu, amma hannun damansa ya tafi.

Bai taɓa zargin Raslan ba, kuma wannan ne ya fi cin Raslan. Raslan ne ya riƙa yi masa askin tumaki, shi ke tsinke masa ɓaure, in an zuba shayi ya riƙa kallon ƙasa. Sau ɗaya a gabana ya fara, "Jadalla, ranar nan ban duba..."

"Kai dalla rufe mana baki! Kai ka binne shi? Bature ya binne. Miƙo min sukari, ka ga ni hannu ɗaya gare ni."

Kowa ya yi dariya ban da Raslan.

Daga nan duk ƙarfen da aka kawo masa, ko gwangwanin kifi ne, cewa yake yana da rai, a kira sojoji. Mutane suka daina zuwa. Ya riga Jadalla rasuwa, kuma Jadalla ne ya nace sai da aka bar shi ya kama makara da hannun hagu.