Aladun Soazig Ba Mashaya Ba Ne

Ku daina cewa Soazig giya take ɗura wa aladunta! Tun mutuwar mijinta ita kaɗai ke kiwon nan a ƙauyenmu. Alade ba ya gumi; in zafi ya tsananta hanjinsa ke lalacewa, sai zawo. Bara tara ta binne. Shi ya sa take kwaso ɓawon tuffa wurin Gwenole mai matsar giyar tuffa, tana haɗa musu a abinci ko hanjin ya jure.

Sai kuka fara: "Tsohuwa, yau aladun sun yi waƙa?"

Jiya Gwenole ya hana ta. "Inna, yi haƙuri, sunana ke ɓaci."

Zafi na dawowa. Ku da kuka ci naman aladunta, ku buɗe baki ku yi wa Gwenole magana!