Giwa, da Wurin da Babu Sabis

Shekarun baya, wata Asabar da hantsi, ina kicin ina tsince shinkafa sai na ji wani ɗan sauti daga wajen banɗaki, kamar ana busa algaitar da ta tsage. Fuuu. Shiru. Fuuu. Na leƙa, sai ga 'yata ta fari, lokacin tana aji biyu na firamare, ta zubar da ruwan butar alwalata ta kafa baki a hancin butar tana hurawa. Ƙaninta na biye da ita da rarrafe, duk da ya daɗe da iya tafiya.

Na ce, "Ke, me kike min da buta?"

Ta ce, "Umma, ni giwa ce. Wannan ɗana ne."

A talabijin ta gani. Ba a daɗe da kafa mana satalayit ba, shi ne ma babban abokin hirarmu a gidan. Muna zaune a Gwarinpa a lokacin, cikin gida mai katanga da geti, irin wanda za ki shekara ba ki san fuskar wadda ke bayan katangarki ba. Ni kuwa a Zariya na tashi, gidan da ko tari kika yi sai mutum uku sun ce miki sannu. Abban yara yana sayar da siminti da rodi a Dei-Dei, kuma zamanin ne da duk inda ka waiwaya a Abuja gini ake tayarwa. Allah ya buɗa masa, ban raina ba. Sai dai kafin yara su tashi ya fita, kafin ya dawo sun yi barci. Ranar da yake gida ma wayoyinsa biyu ne ke da shi, mu sai ragowa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna cin abinci tare da mu. Yarinyar ta ɗauko buta ta yi masa kukan giwa. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "To idan an yi hutu zan kai ku ku ga ta gaske." Ya juyo wurina. "Maman yara, ki bincika mana wuri mai kyau. Duk inda kika zaɓa, can za mu."

"Za mu" ɗin nan na riƙe. Wallahi ban ji sauran maganar ba.

Mutum ɗaya nake hira da ita a layinmu, wata maƙwabciyata 'yar garin Ushafa mai Hausar koyo, da ke da shago a bakin titi, tana sayar da tukwanen ƙasa da katin waya. Da na gaya mata sai ta tafa hannu.

"Hajiya, ba sai kin je nisa ba! Akwai wani oga yana da gona a bayan gari, ya ajiye dabbobi. Giwan yana nan, babba ne sosai. Yara suna taɓa shi, ana ɗaukan hoto. Da safe ku je, kafin la'asar kun dawo."

Na ce sai na gani da idona tukuna. Wata Talata yara na makaranta muka ɗauki tasi ni da ita. Wurin tsaf yake, an shuka furanni, ga lilon yara, ga rumfar sayar da lemo. Can ƙarshen gonar, ƙarƙashin wata rumfar kwano, giwar take. Ita kaɗai. An ɗaure ƙafarta ta baya da sarƙa a jikin wani ƙarfe da aka binne cikin siminti. Tana tsaye wuri guda tana kaɗa kai, dama, hagu, dama, hagu, ba ta ko kalle mu ba.

Mai kula da ita ya ce, "Kun gani? Rawa take muku."

Maƙwabciyata ta yi guɗa tana dariya. Ni na kasa. Na ce, "Malam, ba ta da 'yar uwa ne?"

"Hajiya, me za ta yi da 'yar uwa? Ga ciyawa, ga rake, ga ruwa, ga inuwa. Me ta rasa?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ku yi tunani, mace da hijabinta, uwar 'ya'ya biyu, tsaye gaban giwa tana sharar ido. Maƙwabciyata ta dafa ni ta ce, "Hajiya, ko kina tsoro ne? Ba zai cije ki ba." Na ce mata wani abu ne ya faɗa min a ido. A hanyar dawowa ina ta tuna karatun da malamarmu ta Islamiyya ta taɓa yi mana kan alhakin dabbar da aka tsare. Na ce a raina ba zan kai 'ya'yana su yi dariya a gaban wannan baiwar Allah ba.

Da yamma na sa kati na kira ƙanina, wanda ya yi bautar ƙasa a Bauchi. Na ba shi labari. Ya ce, "Yaya, abin mai sauƙi ne. Duk inda aka yi miki alkawarin lallai za ki ga giwa, to a ɗaure take. Inda take sake, ba mai iya yi miki alkawari." Ya gaya min akwai babban gandun daji a can, da ɗakunan kwana, ma'aikata na shiga da mutane daji a mota. Ya ce mu je da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa kusa da kogi. Sannan ya ƙara da cewa, "Matsalar wurin ɗaya ce, babu sabis. Waya sai dai ki riƙa duba lokaci da ita."

Shi matsala ya kira ta. Ni kuwa sai da na tashi zaune. Tafiyar yini guda a mota ɗaya da Abban yara, sannan kwanaki a wurin da wayoyin nan biyu za su zama duwatsu. Tausayin giwa gaskiya ne, amma ba zan ɓoye muku ba, wannan ma ya shiga cikin zaɓin. Na ɗauka ni ce sarauniyar dabara.

Abban yara ya amince ba musu. Na soya dambun nama, na yi cincin, na ɗinka wa yara kaya. Har sabuwar atamfa na fitar, kamar giwaye za su duba. Ana gobe tafiya, muna karin kumallo, bakina ya kasa riƙe murna. Na ce, "Ka san ma can babu sabis? Za ka huta da kiran nan."

Ya ajiye kofin shayi. "Babu sabis gaba ɗaya?"

Nan na gane na yi wa kaina. Ashe yana jiran tirelar siminti daga Kogi, kuma a lissafinsa daga can dajin zai riƙa bin ta ta waya. Ya murza goshi, sannan ya ce, "Ga yadda za a yi. Ku yi gaba da direba. Da zarar an sauke kayan nan zan biyo ku, in sha Allahu jibi ina tare da ku."

Na ce mu jira shi mu tafi tare. Ya ce yara sun sa rai, kada a karya musu zuciya. Na duba, ga 'yata ta riga ta rataya jakarta tun yau. Na haƙura.

Direbansa dattijo ne mai kirki, amma daga Abuja har Bauchi in ya yi min magana to tambaya ce ko a tsaya salla. Na zauna a baya da yara. Kujerar gaba kular abinci ce a kanta.

Wurin ya yi kyau, ba zan zalunce shi ba. Iska mai daɗi, bishiyoyi, da wani ruwa mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashi. Gwaggon birai suna yawo tsakanin ɗakuna kamar su suka biya kuɗin wurin. Ɗaya ya fizge ledar cincin daga hannun ɗana ya haye rufi yana ci yana kallonmu. Yara suka yi ta ihu da dariya. Na juya in ce, "Ka gani?" Babu wanda zan ce wa.

Fitarmu ta farko daji ba mu ga giwa ba. Mun ga gwanki, mun ga mugun dawa da 'ya'yansa, mun ga kashin giwa da reshen da ta karya. Ma'aikacin da ke mana jagora ya ce sai haƙuri, ba a ba su umarni. 'Yata ta turo baki. Ni hankalina ma ba ya dajin, yana bakin geti.

Ranar da Abban yara ya ce zai zo na sa atamfar nan na zauna a baranda. Duk motar da ta shigo sai na miƙe. Iyalai suna saukowa, maza na sauke jakunkuna, mata na yi musu faɗan sun manta wani abu. Ban taɓa sanin mutum zai yi sha'awar irin wannan faɗan ba sai ranar. Kuma ga abin dariya: ramin da na haƙa masa ni na faɗa ciki. Babu yadda zan kira shi, babu yadda zai kira ni.

Bayan la'asar wata mai shara ta lura da ni. Ta ce, "Hajiya, in waya kike so, hau tudun can, kusa da tsamiya. Wani lokaci yana kamawa." Na je na tarar da mutane tsaye, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Na ɗaga tawa. Can sai ta yi ƙara, saƙo ya shigo, tun safe ya turo shi. Tirela ta lalace a hanya, ba zai samu zuwa ba, mu yi haƙuri, mu ji daɗinmu, a gaida yara.

Na sauko a hankali. Na yi alwala na yi magariba, na daɗe a kan darduma. Da yara suka tambaya na ce Abba aiki ya riƙe shi, yana gaishe su. Ba su yi mamaki ba. Rashin mamakin nan ya fi saƙon yi min ciwo.

Washegari da sassafe muka sake fita. Har mun juyo za mu koma sai jagoran ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Muka ji ƙarar rassa na karyewa. Sai ga giwaye suna fitowa daga cikin bishiyoyi za su gangara kogi, manya da ƙanana, jiki duk jar ƙasa. Wata babba a gaba, kunnenta a yage. Wani ɗan ƙarami ya zame a gangaren, kafin ka ce kwabo manya biyu sun sa hanci sun tallafo shi. Babu wadda ke kaɗa kai. Na riƙa faɗin subhanallah, 'yata ta ƙanƙame hannuna har yana min zafi.

Ta yi raɗa ta tambayi jagoran, "Wanne ne babansu?"

Ya ce, "Babu shi a nan. Toron giwa ba ya zama cikin garke, yawonsa yake, sai jifa-jifa yake leƙowa. Waɗannan manyan duk mata ne. Ta gaban ita ce kaka, ga uwaye, ga innoni, ga yayye. Tare suke renon 'ya'yan."

Na san halin 'yata, na ce yanzu za ta ce kamar Abba, a gaban baƙin mutane. Har na shirya amsar da zan kare shi da ita. Ba abin da ta faɗa ke nan ba.

Mun dawo Abuja lafiya. Abban yara ya tare mu da ban haƙuri da tsaraba, kamar shi ne ya yi tafiyar. Ban yi masa fushi ba, don na san ba yawon banza ya hana shi ba. Amma daga wannan hutun na daina zaman jiran ƙarar geti. Na roƙe shi ƙanwata ta zo ta yi karatunta a wurinmu, ya yarda. Na koma Islamiyyar matan unguwa da na yi wa rajista na watsar. Duk hutu na kwashi yara mu tafi Zariya wurin mahaifiyata, ko yana da lokaci ko ba shi da shi. Kewar ba ta tafi duka ba, har yau takan leƙo, musamman yanzu da yaran suka girma suka watse. Giwar nan ta rumfar kwano kuma ban san yadda ta ƙare ba. Nakan tuna ta in sa ta a addu'a, ko da za ku yi min dariya.

Duk wannan daga maganar yarinya ne. A cikin motar nan, bayan jagoran ya gama bayani, ta daɗe tana kallon giwayen suna shan ruwa, kafaɗa da kafaɗa. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta gyara min bakin hijabi da ɗan hannunta, ta ce:

"Umma, giwa ga mamanta ga 'yan uwanta. To ke ina naki garken?"