Tsagen Goggo da Sabuwar Kyamara

Kyamarata ta farko tana da halin tsohon alƙali: idan ka danna ta, sai ta yi nazari kafin ta yanke hukunci. Kafin ta gama, ango ya juya, jariri ya ɓarke da kuka, liman ya rufe ido. A birnin Wad Madani na saye ta, kuma da ita na ɗauki rabin mutanen ƙauyenmu, yawancinsu ta ƙeya. Duk da haka ba a suna ko walima sai an aiko a kira ni, Ustaz da na'urarsa.

Na daɗe ina kewaya batun sauya ta. Duk sanda na shiga Madani sai na tsaya gaban wani kanti na ƙare wa sababbin kallo ta gilashi, ina tambayar kaina ko audugar gonarmu za ta ƙara fari don an ɗauke ta da sabuwa. Daga nan in hau raksha mai ƙafa uku zuwa tasha, hankalina kwance.

Goggo ce ta tayar da maganar. Yayar mahaifina ce. A goye aka taho da ita daga ƙasar Gobir kan hanyar hajji, hajjin da ya yada zango kusa da garin Sinja bai sake tashi ba. Da ta ji wani maƙwabcinmu zai tafi Sakkwato, sai ta ce in ɗauke ta hoto ya kai wa dangin ubanta. Ba wanda ya san ta a can, amma tsagen da aka yi mata a kumatu tun tana jaririya zai faɗa musu gidan da ta fito. Na gwada da tsohuwar kyamarar, tsage da tamoji suka haɗu suka zama hazo ɗaya.

Karon farko ke nan da na sami dalilin da ya fi kwaɗayi, sai na nufi kantin.

"Ya Ustaz, yau dai ka shigo ciki!" in ji mai kantin. "Ɗauki wannan ka gwada. Da kanta take gyara fuska. Amaren garin Kamlin layi suke mata."

Da na koma gida, na zaunar da Goggo a inuwar rumfa na danna. Ko numfashi ban sauke ba hoto ya fito, tas da shi. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta kai shi kusa da ido, ta nesanta shi, ta sake kusantowa.

"Wagga ɗiyar wa ta?"

"Ke ce mana, Goggo."

"Ni? Ina tsagena? Ka share ni sumul awa ƙwai! In sun ga wagga, cewa za su yi Balarabiya ka auro."

Gaskiyarta. Na'urar ta ɗauki tsagen Gobir a matsayin aibi, ta goge shi cikin ladabi, ta haɗa da shekara arba'in.

Goggo ta sa aka kawo mata madubi da kwalli, ta bi tsagen layi-layi tana baƙanta shi. Sannan ta ce in ɗauko tsohuwar. Ta zauna ƙyam har alƙali ya gama nazari, kuma a tarihinsa bai taɓa yin hukunci mai kyan wannan ba.

Da na mayar da sabuwar, mai kantin ya yi dariya ya nuna mini inda ake kashe gyaran fuskar. Na ce zan yi shawara.

Maƙwabcin ya dawo bayan damina da goro da turmin atamfa. Ya ce wata tsohuwa tana ganin hoton ta ambaci sunan kakana tun shi bai buɗe baki ba, ta ce ta tuna jaririyar da aka yi gabas da ita. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska, muka ba ta lokaci.

"Sai dai fa," in ji shi, "dattawa sun ƙirga layukan, sun ga na hagu ya ɗara na gidanku da ɗaya. Sun ce wannan na gidan sarauta ne. Har yanzu ana gardama."

Na dubi kuncin Goggo da kyau. Ashe hannunta ya bi wani dogon tamoji ya ba shi muƙami.

"Goggo," na ce, "yanzu na san yadda ake sarrafa sabuwar. In sayo ta, mu aika musu na gaskiya?"

Ta ɓare goro ta miƙa mini rabi.

"Kai dai karatu ya yi maka yawa. Mutane sun yi magana da bakinsu, kai wa kake da za ka ƙaryata dattawa? Bar kuɗinka ka sai wa matarka tufa."

Na bi umarnin gidan sarauta.