Kuɗi Ba Ya Kwana a Gidana

Lokacin yaƙin basasa aka canja takardun kuɗi, mu a Gafasa labarin bai iso mu ba sai da wa'adi ya kusa cika. Na ɗauki kuɗin gyaɗata na shekarar, na taka har Gaya, na tarar da layin da ba a ganin ƙarshensa. Aka tashi ban kai gaban tebur ba. Takardun nan yara ne suka ƙarasa wasan kasuwa da su.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. A gaban matata na rantse kuɗi ba zai ƙara kwana a gidana ba. Ranar da na auna gyaɗa a Ajingi, ranar nake mayar da kuɗin tumaki da gero da kwanon rufi. Ga ni da baki, ban iya riƙe ra'ayi ni kaɗai ba, kullum ina wa'azinsa a ƙofar masallaci. Da naira ta zo ta kori fam da sule, sai aka ce ai tuni na hango. Unguwarmu kakaf ta bi ni, ni kuwa har da hura hanci.

Shekarar da aka yi fari, matata ta kwana biyu tana naƙuda. Da hantsin rana ta uku ta daina gane mutane, ungozoma ta fito ta ce sai asibitin Kano. Na samo mai mota a bakin hanya, na ce ga gero, ya ɗebi son ransa.

"Malam, mota ba ta shan gero," in ji shi. "Kawo abin zuba mai."

Na bi gida-gida, kowa sai ya nuna mini rumbu ko turke. Ƙanin mahaifina ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ai kai ka hana mu ajiyewa."

Ba ranar kasuwa ba ce, kuma a shekarar kowa neman rabuwa da dabba yake yi. Sai bayan la'asar wani mai tebur a Ajingi ya karɓi kwanon rufina a wulaƙance. Muka ɗauke ta. Ko Wudil ba mu kai ba ta cika, da abin da ke cikinta.

Na ce wa zuciyata kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da hakan. Bayan sadakar bakwai yayarta, wadda ta zo daga Balan, ta kira ni ɗakin marigayiya. Ta buɗe wata tasa a can ƙasan jere, ta ciro ƙullin tsumma. Nairori ne sababbi, na ƙuli-ƙulin da matata take sayarwa, sun isa su kai ta Kano su dawo da ita.

"Na haihuwa take tarawa," in ji yayar. "Ta ce kada ka sani, don kada rantsuwarka ta karye."