Shafukan da Na Goge

Ni mutum ne mai son tsabta har ta yi yawa. Shekara talatin ina koyarwa a Tamale, ban taɓa yafe wa ɗalibin da ya yi zane a gefen littafi ba. Da na yi ritaya na koma unguwar Vittin, sai wannan halin ya bi ni cikin sabon aikin da na ɗora wa kaina: tara wata 'yar mujallar waƙoƙi da gajerun labarai da wasu malamai suka riƙa fitarwa zamanin mulkin soja.

Mujalla dai sunanta kawai. Takardu ne goma sha biyu, an buga da tafireta, an juya a injin hannu, an ɗinke da zare. Kafin a buga ta sai an kai rubutun ofishin tacewa, duk layin da bai yi wa jami'in daɗi ba a cire shi. Sai ka ga waƙa tana tafiya lafiya lau, kwatsam fili fari, kamar bakin tsoho.

Na hau babur na zaga gari ina roƙo. Na shiga ƙarƙashin gadon mutane, na buɗe akwatunan da kyankyasai suka riga ni. Matata ta ce ko neman aurenta ban yi wannan naci ba, kuma gaskiyarta.

Abin da ya riƙa ɓata min rai shi ne, kusan kowacce na samo sai na tarar wani marar tarbiyya ya cika fararen wuraren da rubutun fensir, ƙanana-ƙanana kamar tururuwa. Ko karantawa ban tsaya yi ba. Na sayi kilinar goge fensir guda uku. Kullum bayan la'asar ina zaune a baranda ina goga ina hurewa, ina tsine wa masu lalata kayan tarihi. Cikin wata biyu na gama da kwafi goma sha tara, suka fito fes.

Sai aka ce min tsohuwar da ta buga su a tafireta tana nan da ranta a unguwar Jisonayili. Na sa babbar riga, na jera mujalluna a jaka, na tafi in burge ta.

Na same ta a tabarma tana tsince wake. Muka gaisa, na zube su gabanta. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta yi dariya, ta ce har yanzu warin tawadar nan bai fita ba. Ta buɗe. Ta sake buɗe wata. Dariyar ta tsaya.

"Ticha, a ofis ka samo wa'innan?"

"A'a Mma, a gidajen mutane. Gyara su na yi. Da kin ga ƙazantar da aka yi musu da fensir!"

Ta ajiye tiren waken a hankali.

"Oi! Ticha, wannan fensir ɗin shi ne mujalla. Abin da ofis ya cire, mu muke maida shi da hannu, ɗaya-ɗaya, ga wanda mun yarda da shi. Mun sa fensir sabida in soja ya zo a goge sharp-sharp. Soja bai zo ya goge ba. Kai ka zo."

Wallahi na ji kamar in shige jakar. Ni da nake wa kowa lacca a kan darajar takarda, ashe ni ne ma'aikacin da ofishin tacewa bai taɓa samun irinsa ba, ga ƙwazo, ga shi ba albashi. Ta dubi fuskata, dariya ta dawo mata har da hawaye.

Ita ce ta samo dabara. In aka karkata shafi ga hasken rana, sawun fensir yana nan a jikin takardar. Idonta ya yi rauni, nawa da sauransa. Ni ban san abin da nake gani ba, ita ta sani. Tun daga nan kowace Asabar ina can. In hango "gw", ta ce "gwamna", ta ƙarasa layin da ka. Mukan yi faɗa. Ta ce karatuna kamar na mai ciwon haƙori, ni kuma ina zargin wasu layukan a nan take take ƙirƙiro su, don sun fi na asali zafi. Mun dawo da fiye da rabi.

Ran nan muka kai wata waƙa ta fitowa ta shida. Wanda ya cike ta ya danna fensir sosai, ni ma na danna kilina sosai, har takardar ta huje. Wurin layi huɗu sai rami.

Na ce, "Mma, wannan sai ƙwaƙwalwarki."

Ta sa yatsa ta cikin ramin, ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan ban taɓa gani ba, Ticha. Waƙar maigidana ce. Ranar da ya kamata ya faɗa mini layukan, ranar aka zo aka tafi da shi. Hannunshi ne ya cika wannan, shi ke danna fensir haka."

Ta miƙo min takardar, ta ce in ƙara ɗaga ta ga rana, ko gefen ramin ya bar wani abu. Na ɗaga. Na karkata ta hagu, na karkata ta dama. Ta cikin ramin ba abin da nake gani sai fuskarta tana jira.